Kwana cikin mota mai ɗaki a filin fakin na kansul a Birtaniya: ina aka yarda, ina aka hana?

DanBradford: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce ga waɗanda suka san harkar. Mutum ya yi hayar mota mai ɗaki, irin mai gado da kicin da banɗaki a ciki, ya shiga filin fakin na kansul, wato ƙaramar hukuma, ya biya kuɗin awa 24. Yana da damar kwana a cikinta ko babu? Wasu na cewa tunda ka biya, abin da kake yi cikin motarka ba ruwan kowa. Wasu na cewa tara za ka tarar a gilashi da safe. Tafiyar daga Yorkshire ce zuwa Wales sannan Scotland, mutum huɗu, lokacin hutun makaranta na bazara.

MalamSuleLeeds: Wa alaikumus salam. Babu wata doka guda ta ƙasa da ta ce an hana ko an halatta. Kowace kansul ita ke rubuta wa filayenta oda, da ikon da dokar tsara zirga-zirgar hanya ta 1984 ta ba ta a sashe na 32 da na 35. A cikin odar ne za ka ga irin motar da aka yarda ta shiga, nauyinta, awannin da fili yake buɗe, da abin da aka hana yi a ciki. Mafi yawan odojin suna da layi ɗaya da ke cewa ba a amfani da mota a filin don barci, ko zaman zango, ko girki. Tikitin awa 24 ya ba ka damar ajiye motar ne bisa waɗannan sharuɗɗa. Motar za ta iya kwana, kai ne ba za ka kwana a cikinta ba.

Abba_Salford: To Malam, ta yaya ma'aikacin zai san kana ciki? Ka ja labule ka kashe fitila, shi ke nan.

MalamSuleLeeds: Abba, raɓar numfashi a gilashin gaba, tagar rufi a buɗe, ƙarar hita, hayaƙinta a gefen mota, matakala a waje. Hoto yake ɗauka ya rubuta lokaci. Amma tambayarka tana da tushe, domin tabbatar da cewa mutum barci yake abu ne mai wuya, ga shi kuma ba kowace kansul ke da ma'aikata da tsakar dare ba. Shi ya sa wasu suka daina bin barcin, suka koma hana irin motar gaba ɗaya a wasu awanni. North Yorkshire ta yi haka a ƙarshen 2024 a bakin teku, a Royal Albert Drive ta Scarborough da Sandsend da Cayton Bay: daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe mota mai ɗaki ba ta tsayawa, da mutum a ciki ko babu. A irin wannan wuri labule ba ya amfanar ka da komai.

Hajiya_Rabi_Cardiff: Tunda Wales na cikin tafiyar, ku bi ta Powys. An daɗe da sanin kansul ɗin da barin mota mai ɗaki ta kwana dare ɗaya cikin kowane bakwai a wasu filayenta na dogon zama. A arewa kuma Gwynedd ta ware wuraren kwana na musamman da ta kira Arosfan, a Caernarfon, Llanberis, Criccieth da Pwllheli, ana biya, iyakar zama awa 48. Abin lura a Gwynedd shi ne buɗe waɗannan wuraren bai halatta kwana a sauran filayenta ba. Sauran suna nan a kan hani.

DanBradford: Na gode Hajiya. Dare ɗaya cikin bakwai ɗin, a fili ɗaya ake nufi ko a duk filayen kansul ɗin?

Hajiya_Rabi_Cardiff: Karanta yadda aka rubuta a allon da ke kusa da injin tikiti, shi ne hujjarka. Ka ɗauki hotonsa da waya kafin ka kwanta, da hoton tikitin, da hoton motar cikin layinta. Sharuɗɗan nan suna canzawa da sabon kasafin kuɗi, yawanci a watan Afrilu, kuma abin da aka rubuta a manhaja bara ba ya kare kowa bana.

Garba_Makanike: Kafin a kai ga maganar barci, a fara da ko motar za ta shiga ma. Ƙarfen tsayi da ke ƙofar fili yawanci mita 2 ne zuwa 2.1. Ƙaramar Volkswagen mai rufin ɗagawa tana kusan mita 2, da ƙyar take wucewa. Fiat Ducato mai dogon rufi ta haura mita 2.5. Mai ginannen ɗaki, wadda kamfanonin haya suka fi bayarwa ga iyali, tana kai mita 2.8 zuwa 3.2. Kuma adadin da ke takardar mota sau da yawa bai haɗa da eriya, faifan sola da murfin tagar rufi ba. Su ne ke fara karyewa, kuma yarjejeniyar haya da yawa ta cire ɓarnar rufi daga abin da inshora ke biya. A auna da tef ranar karɓar mota, a rubuta tsayi da faɗi da tsawo a takarda, a manna kusa da sitiyari.

Sai gurbi. Gurbin fakin na gama-gari mita 2.4 ne a faɗi, 4.8 a tsawo. Ducato tana zuwa 5.4 ko 6 ko 6.4, mai ginannen ɗaki tana iya kai 7.5. Babu yadda za ta zauna a gurbi ɗaya sai dai a samu na bakin fili a juya da baya, gindin motar ya rataya kan ciyawa. Nan ma a duba turaku da gajeren bango, domin tankin ruwa da bututun hita suna ƙasa ta baya.

Umman_Sadiq: Ba sai a sayi tikiti biyu ba?

Lauya_Bashir: Wani wuri e, wani wuri a'a, Umman Sadiq. Akwai kansulolin da allonsu ya ce motar da ta ci gurbi biyu ta biya na biyu, har akwai lambar laifi ta 94 ga wanda bai nuna tikiti biyun ba. Akwai waɗanda odarsu ta ce dole mota ta zauna cikin layin gurbi ɗaya, tikiti goma ma ba zai hana lamba 86 ba.

Bari in jero lambobin da suka fi shafar mu, domin a takardar tara lambar ce ke gaya maka laifin da ake tuhumar ka da shi. 86 fita daga layi. 89 wuce nauyi ko tsayi ko tsawon da aka iyakance. 91 ajiye irin motar da ba a ware wa filin ba. 93 zama bayan an rufe fili. 95 amfani da wurin don abin da ba shi aka tanada ba, kuma a nan barci da girki suka fi faɗawa. A yawancin Ingila wajen Landan babbar tara fam 70 ce, ƙarama fam 50, rabi idan an biya cikin kwana 14. Lamba 89 da 91 manya ne, 86 da 93 da 95 ƙanana. A Edinburgh da Glasgow fam 100 ce, ta koma 50 cikin kwana 14.

Abba_Salford: Kenan fam 25 ce tarar barci idan ka biya da wuri? Ai sansanin kwana ma ya fi haka tsada a watan Agusta. Lissafi a bayyane yake.

Lauya_Bashir: Lissafin bai cika ba, ƙanena. Na farko, motar haya ce. Idan takardar ta bi ta gidan waya, kamfanin haya za ta je wa, su kuma su ɗora kuɗin ɗawainiyarsu a katinka, wani lokaci har rangwamen ya wuce kafin labari ya iso ka. Na biyu, ba lallai a rubuta 95 ba. Idan odar ta hana irin motar da dare, 91 za a rubuta. Na uku, ba takardar tarar fakin kaɗai kansul ke da ita ba. Wasu garuruwan bakin teku suna da odar kare wuraren jama'a ƙarƙashin dokar 2014 kan halayyar da ke damun jama'a, kuma saɓa mata laifi ne na kotun majistare, tara har fam 1,000 idan aka kai can. Sashe na 77 na dokar shari'ar laifuka da zaman lafiyar jama'a ta 1994 ma ya ba kansul ikon umartar wanda ke zaune cikin mota a filinta ya tashi, ƙin tashi kuma laifi ne.

Zainab_Notts: Wannan na ƙarshen shi ne abin da masu biza ya kamata su riƙe. Tarar fakin ta kansul bashi ce ta farar hula, ba ta hawa lasisi, ba ta shiga rijistar masu laifi. Hukuncin kotun majistare kuwa yana shiga, kuma fom ɗin zama na dindindin da na zama ɗan ƙasa suna tambaya a kai. Idan jami'i ya ƙwanƙwasa ya ce a tashi, a tashi. Gardama a rubuce ake yin ta daga baya.

Sani_Aberdeen: Duk wannan wahalar ta Ingila ce. Ku hau Scotland kawai, can doka ta ba kowa 'yancin kwana inda ya ga dama.

Dr_Hauwa_Dundee: Malam Sani, wannan maganar ita ta fi jefa baƙi cikin rigima da mutanen ƙauye. Dokar gyaran mallakar ƙasa ta 2003 ta ba da 'yancin shiga daji da kafa tanti ga mai tafiya a ƙasa, ko a keke, ko a doki, ko a kwale-kwale. Abin hawa mai inji an cire shi a fili. Filin kansul a Scotland da odarsa yake aiki, daidai da na Ingila.

Abin da ke akwai shi ne tsare-tsare na musamman. Hukumar gandun daji ta Scotland tana da shirin Stay the Night a wasu filayenta: dare ɗaya, daga 6 na yamma zuwa 10 na safe, ba a komawa fili ɗaya sai bayan awa 48, tazarar mita 4 tsakanin mota da mota, kuma sai motar da ke da banɗakinta a ciki. Kansul ɗin Highland ta fito da takardar kwana 7 a kan fam 40 a 2024, ta ganin dama ce, tana ba da damar kwana a wasu filayen da ta lissafa. A gandun Loch Lomond da Trossachs kuma, daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba akwai yankunan da sai da izini ake kwana, an fara wannan tun 2017, kuma ana sayen izinin ta intanet tun kafin a isa.

Sani_Aberdeen: Na ji Dakta, amma ki je hanyar North Coast 500, ta masu yawon buɗe ido da ta zagaye arewacin Scotland, ki ga motoci jere a gefen titi kowane dare, babu mai taɓa su.

Dr_Hauwa_Dundee: Ana ƙyale su a wurare da yawa, gaskiya ne. Ƙyalewa daban, 'yanci daban. Kuma tun da aka buɗe hanyar a 2015 yawan motocin ne ya jawo ƙarafan tsayi da duwatsun da ake jerawa a bakin wuraren da a da ake kwana. Wani abu kuma da baƙi ke yi: wuraren kaucewa da ke kan titi mai layi ɗaya ba na fakin ba ne, ko na minti biyar. Motar asibiti da ta makaranta da su suke wucewa.

Garba_Makanike: Tazarar mita 4 da Dakta ta ambata ta gobara ce, kada a raina ta. Kowace mota tana ɗauke da tukunyar gas ɗaya ko biyu, jikinta kuma katako ne da roba da soso. Sansanonin kwana masu lasisi mita 6 suke bari. A filin fakin na gari inda motoci ke manne da juna babu wannan tazarar, kuma yana cikin dalilan da kansuloli ke bayarwa idan sun hana girki.

Alhaji_Tanko_Brum: Ni abin da ban ga an taɓo ba shi ne banɗaki, kuma mu ya fi shafa. Tankin bayan gida mai cirewa na kamfanin Thetford lita 17 ne zuwa 19. An ƙera shi ne da lissafin masu amfani da takarda. Mu da buta muke tsarki. Mutum huɗu, kowa ya shiga sau uku a yini da ruwan tsarki lita ɗaya, lita 12 kenan kafin a lissafa ruwan kora da abin da ya fita. A yini ɗaya ya cika. Wanda Bature zai yi kwana uku da shi, iyalinmu kullum sai sun zubar. Filin kansul kuwa mafi yawa ba su da wurin zubarwa. Saboda haka ko doka ta ba ku dare biyu a jere, tankin ba zai ba ku ba.

Dabara: a yi amfani da banɗakin jama'a da rana, a bar na mota don dare. A riƙe ƙaramar buta mai siririn baki. Alwala a yi ta a sinki, ruwan ya tafi tankin wanke-wanke. Wanda zai iya ya sayi tanki na biyu ya ajiye a akwatin baya.

Umman_Sadiq: Allah ya saka da alheri Alhaji, wannan ba a faɗa a wurin haya. A ina ake zubarwa?

Alhaji_Tanko_Brum: A ramin da aka tanada don haka, a sansanin kwana ko wurin hidimar motoci. Sansanoni da yawa suna karɓar 'yan fam su bar ka ka zubar ka cika ruwa ko ba ka kwana ba. Filin New Dover Road na Canterbury, inda ake ajiye mota a hau bas zuwa gari, yana da sashen motoci masu ɗaki da famfo da wurin zubarwa, shi ya sa masu zuwa jirgin ruwan Dover ke son sa. Abin da ba a yi ko kusa shi ne zubawa a ramin ruwan sama na gefen titi. Wannan ramin a wurare da yawa kai tsaye rafi ko teku yake zuwa, ba matatar ƙazanta ba. Ruwan wanke-wanke ma haka, kada a buɗe famfon ƙasa a bar shi yana ɗiga a kwalta. Kuma a ƙauyukan Highland inda banɗakin jama'a ke kan ramin ƙasa, shuɗin maganin tanki yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazantar. A sayi koren.

Yusuf_Luton: Sallah fa? Idan an shimfiɗa darduma a gefen mota, ya shiga zaman zango?

MalamSuleLeeds: Oda ba ta ambaci sallah ba. Abin da wuraren da suka yarda da kwana ke hanawa shi ne baza kaya a waje: rumfa, kujeru, teburi, murhun gashi, janareta, igiyar shanya. Mutum ya shimfiɗa darduma minti biyar ya naɗe, da wuya a kira wannan zango. Sahu na mutum huɗu da tabarma da butoci a cikin gurbin da ba ku biya ba, wannan zai jawo ido.

Hajiya_Rabi_Cardiff: Ni hatsarin nake dubawa kafin doka. Mai sujada a bayan mota, direban da ke ja da baya ba ya ganin sa. A yi a ciki ɗaya bayan ɗaya, tsakiyar motar yana ɗaukar mutum ɗaya idan an naɗe teburi, ko a nemi ciyawar gefe. Kuma a Scotland ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Inverness sai bayan 10 na dare, ta fito wajen 4 da 'yan mintuna. Magariba da isha da asuba duk suna faɗawa lokacin da maƙwabta ke barci. Ƙofar gefe mai ja tana da ƙara sosai, a bi ta ƙofar gaba. Ƙorafin hayaniya na cikin abin da ke sa a rufe waɗannan wuraren. Inverness akwai masallaci ga mai son Juma'a.

Kabiru_HGV: A koma kan nauyi, domin lamba 89 da Lauya ya kawo tana kama mutane. Wasu tsofaffin odoji sun iyakance nauyi ƙasa da tan 3.5 sosai, har akwai masu cewa kilo 1,525 ba kaya, wanda ko babbar jif ta wuce. A gefen lasisi kuma, rukunin B iyakarsa kilo 3,500. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi kafin 1 ga Janairu 1997 yana da C1 har kilo 7,500, sauran sai sun yi jarrabawa ta daban. Motar haya mai gado shida da aka rubuta 3,500, abin da ya rage mata na kaya bai da yawa. Ruwa lita 100 kilo 100 ne. Ƙara mutane, gas, kekuna, buhun shinkafa da kulolin Hajiya. A hau sikelin motoci na jama'a kafin a kama hanya, a tafi da rubu'in tankin ruwa, a cika a can.

Mai lasisin Najeriya kuma ya tuna wata 12 kawai yake da su daga ranar da ya zama mazaunin ƙasar, kuma ba a musanya shi da na Birtaniya, sai an yi jarrabawa. Kamfanonin haya suna da nasu sharuɗɗan na shekaru da daɗewar lasisi, a tambaya kafin a biya kafin alƙalami.

Hajiya_Rabi_Cardiff: Kulolin Hajiya ne za su ciyar da ku a inda aka hana girki, Malam Kabiru, a daina yi musu sharri.

DanBradford: Hahaha. To idan filin kansul ya gagara, filin babban kanti ko wurin hutawa na babbar hanya fa?

Lauya_Bashir: Wannan wata duniya ce. Filin mai zaman kansa yarjejeniya ce tsakaninka da mai fili, allon shi ne yarjejeniyar. Takardar da za a aiko maka ta yi kama da ta kansul, har harufan PCN da ake rubutawa a kan takardar tara ɗaya ne, amma caji ne na kamfani, yawanci har fam 100. Kada a ji masu cewa a yage ta. Kotun ƙoli ta tabbatar da cajin fam 85 a shari'ar ParkingEye da Beavis a 2015, kuma dokar 2012 ta ba su damar bin mai rijistar mota a Ingila da Wales. Kyamara ce ke karanta lamba a shiga da fita, ba ruwanta da ko kanti a rufe yake. A wuraren hutawa na babbar hanya awa 2 ne kyauta, bayan haka a biya kuɗin dare a cikin shago ko ta waya, kuma an yarda a kwana. Kuskuren da ake yi shi ne a tsaya don ɗan runtsawa a farka bayan awa uku ba a biya ba.

Bambanci ɗaya mai muhimmanci: idan kamfani ya kai ka kotun gunduma ya ci, ba ka biya cikin wata ɗaya ba, hukuncin yana zama a tarihin bashinka shekara 6. Ta kansul ba ta bi ta nan, amma tana ƙaruwa da rabi, fam 70 ta koma 105, daga nan a yi mata rijista a matsayin bashi a kotun da ke Northampton, sai masu karɓar bashi su zo da nasu kuɗin a kai.

Zainab_Notts: Yaya Bashir, a faɗi matakan ƙorafi ga ta kansul.

Lauya_Bashir: Kada a biya idan ana son ƙalubalanta, biya yana rufe magana. A rubuta wa kansul cikin kwana 14 da hotuna. Idan sun ƙi, yawancinsu suna sake ba da kwana 14 na rangwame. Wanda ya ci gaba zai jira takardar da ake aika wa mai mota bayan kwana 28, ya shigar da ƙorafi a hukumance cikin kwana 28. Idan sun sake ƙi, akwai kwana 28 na ɗaukaka ƙara zuwa Traffic Penalty Tribunal, mai sauraron ƙorafin tarar fakin, ga Ingila wajen Landan da Wales, kyauta ne, ta intanet ake yi. Hujjoji biyu suka fi ƙarfi a irin wannan: allon bai bayyana hanin ba ko ba ya karantuwa daga mashiga, ko kuma abin da allon ya hana babu shi a cikin odar. A nemi kwafin odar, haƙƙinka ne, da yawa ma suna shafin kansul. A duba yadda ta fassara mota mai ɗaki. Wasu odojin sun ce duk motar da aka gyara don kwana, to ko takardar DVLA, hukumar rijistar motoci, ta kira ta motar kaya mai taga, ta shiga.

Abba_Salford: Kenan allon da ba oda a bayansa ado ne kawai.

MalamSuleLeeds: Ta fuskar tarar fakin, kusan haka ne. Amma filin yana da mai shi, kuma mai fili yana iya cewa ka fita. Sannan ba ka da hanyar sanin akwai oda ko babu da ƙarfe 10 na dare da yara a mota. Wannan bincike ne na gida kafin tafiya.

Garba_Makanike: Wanda ya samu wurin da aka yarda, ga abin da ke lalata dare. Filin kansul ba wutar jonawa. Batirin ɗaki mai amfiya 100 na gubar dalma rabinsa kawai ake ci, ƙasa da haka yana mutuwa da wuri. Firji mai kwamfreso zai sha 30 zuwa 40 a yini. Hitar dizal tana jan kusan amfiya 10 lokacin tashi, idan batir ya yi ƙasa sai ta kashe kanta da asuba, lokacin da aka fi buƙatar ta. Barin injin mota yana aiki don caji ba mafita ba ne, akwai lambar tara a kansa a filin kansul. Firji mai aiki da gas kuma yana son mota a daidaice, idan ta karkata fiye da digiri 3 ko makamancin haka ba ya sanyi, ga shi wasu filayen sun hana robar da ake hawa don daidaita taya. A zaɓi gurbi mai shimfiɗe tun da rana.

Gas: shuɗiyar tukunyar kamfanin Calor butan ce, tana daina bayarwa idan sanyi ya kusa sifili. Ja propan ce, ita ake so a Highland ko da bazara. Kada a kunna murhun girki don ɗumama ɗaki, kada a toshe ramukan iska na ƙasa da tsumma saboda sanyi. A tabbatar akwai ƙararrawar iskar kabon monoksaid mai lambar EN 50291-2, a danna maɓallinta a ji ta yi ƙara tun a harabar kamfanin haya.

Umman_Sadiq: Da wannan duka, ba gara ƙananan gonakin nan masu karɓar mota biyar ba?

Dr_Hauwa_Dundee: Ga iyali, sau da yawa sun fi. Dokar wuraren karaban ta 1960 ce ta ba manyan ƙungiyoyin masu zango damar ba manomi takarda ya karɓi mota har 5 ba tare da lasisin sansani ba. Akwai famfo da wurin zubar da tanki, wasu da wuta. Yawanci sai ɗan ƙungiya, don haka a tambayi kamfanin haya ko motar tana da rijista da ɗaya. Akwai kuma Brit Stops, inda masu kasuwanci ke barin a kwana kyauta da fatan za a yi ciniki. Da yawansu mashaya ne, amma akwai shagunan gona a ciki, sai a tace.

Sani_Aberdeen: A Faransa kusan kowane ƙauye yana da wurin kwanan motoci na hukuma da famfo. Nan sai ƙarfe a ƙofa.

Kabiru_HGV: Akwai ƙungiyar CAMpRA da ke bin kansuloli a kan haka tun 2020, kuma wurare irin na Gwynedd salon Faransa ne. Masu sansanin kwana ne ke adawa, suna cewa su an ɗora musu lasisi da tazarar mita 6 da haraji, kansul kuma dokar 1960 ta yafe mata lasisi a filinta tana karya musu farashi. Ba su rasa gaskiya gaba ɗaya ba.

DanBradford: Bari in koma tambayata ta farko. Idan allon bai ce komai a kan kwana ba, bai hana ba bai halatta ba, kuma injin yana sayar da tikitin dare?

MalamSuleLeeds: A duba odar. Alluna da yawa suna da ƙaramin rubutu a ƙasa da ke cewa cikakkun sharuɗɗa suna cikin oda kaza ta shekara kaza. Idan hanin yana can, za su iya rubuta tara.

Lauya_Bashir: Za su iya rubutawa, Malam, amma tsayuwarta a gaban alƙalin ƙorafi wani abu ne. Wajibin kansul ne ta sanar da direba sharaɗin da za ta ci shi tara a kai, a inda zai gani. Hanin da ke cikin takarda a ofis, babu alamarsa a fili, rauni ne babba a shari'arsu.

MalamSuleLeeds: Ban musa ba. Sai dai wanda ya ci nasara bayan wata uku na wasiƙu, da motar haya a tsakani, kamfanin ya riga ya cire kuɗin ɗawainiyarsa. Ni shawarata imel ɗaya zuwa sashen fakin na kansul ɗin mako biyu kafin tafiya, da sunan filin da tsawon motar da nauyinta, a buga amsar a ajiye a gaban gilashi.

Hajiya_Rabi_Cardiff: A saka ranakun a cikin imel ɗin. Wasu filayen ana rufe su ranar kasuwa ko lokacin biki, kuma a garin Hay-on-Wye na Powys ƙarshen Mayu bikin littattafai ne, ba za ka samu gurbin keke ba balle mota mita 7. DanBradford, wace mota ce kamfanin ya ba ku, kuma nawa ne tsayinta? Da wannan za a san ko rabin filayen da aka lissafa ma za su karɓe ku.